Makin Yaya Ɗalha

Juma'a, 26 ga Yuni 1992, ƙarfe 4:10 na yamma

Kwana bakwai ke nan Baba yana asibiti, hawa na shida, gadon kusa da taga. Kwana uku da abin da ya faru a titin Ogden. Ba zan rubuta shi a nan ba. Abin da na gani da idona kaɗan ne: motoci biyu, mutum huɗu da ankwa, da takalmin Yaya Ɗalha ƙafa ɗaya da ya rage a bakin matakala. Na ɗauko shi.

Likita ya ce zuciyar Baba kashi talatin cikin ɗari take aiki, kuma ba za a yi masa tiyata ba sai ƙodarsa ta daidaita, mako biyar ko shida. Ya ce kada a kai masa labarin da zai tayar masa da hankali. Ni na fassara wa Umma. Ta sa na maimaita, sannan ta ce, "To kin ji. Ɗalha mura yake yi, likita ya hana shi shigowa. Ke ma haka za ki ce."

Na ce mura ba ta yin mako shida.

Ta ce, "Habsatu, yau ɗaya dai ki bar lissafi."

Asabar, 27 ga Yuni, ƙarfe 6:30 na yamma

Baba ya karɓi zancen murar. Abin da ya tambaya shi ne, "Gobe da wa za mu buga?" Na ce da 'yan Guyana na Queens, don haka jadawalin ya nuna. Ya ce, "Mura ba ta hana bugu. Ki kawo mini littafin ran Litinin, in ga abin da Babana ya yi." Sunan mahaifinsa ya sa wa Yaya, shi ya sa yake kiran sa haka. Ni "ke" yake ce mini.

Littafin da yake nufi shi ne littafin makin wasan kurket na kulob ɗinmu na nan Amurka. Shekara tara ni nake riƙe da shi, kowace Lahadi ta bazara a filin Van Cortlandt. Amma jiya Mista Abdulai, kyaftin ɗinmu, ya bugo waya. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce in huta tukuna, sun samu wata mata da za ta riƙa rubutawa, har sun sayi sabon littafi. Bai tambayi Yaya ba. Minti biyu da daƙiƙa arba'in ya yi a waya.

Na gaya wa Umma. Ta ce, "Ba tsohon littafin yana hannunki ba? Ki cika masa."

Lahadi, 28 ga Yuni, ƙarfe 5:00 na yamma

Na cika.

Ban iya ƙirƙira da ka ba, hannuna ƙin tafiya ya yi. Sai na tuna da wasan da nake yi a Zariya ina 'yar shekara bakwai, lokacin Baba yana malamin wasanni a makarantar kwana ta maza. Fensir yana da gefe shida. A kankare kowane gefe da reza a rubuta: sifili, ɗaya, biyu, huɗu, shida, roƙo. A mirgina a kan tebur, abin da ya fito shi mai bugu ya ci. In roƙo ya fito, wato ana neman a fitar da mai bugu, sai a mirgina fensir na biyu, shi ne alƙali: gefe uku ya fita, gefe uku bai fita ba. Da haka na buga wa Indiya da Ingila wasa ya fi ɗari a bayan littafin lissafina, ban taɓa ganin ko ɗayansu ba. A rediyon Baba kawai nake jin su, muryar tana zuwa tana tafiya. Na haddace dokoki arba'in da biyu kafin in haddace izu ɗaya. Na san sunan kowane matsayi a fili. Ranar da za a yi wasa a makaranta tun asuba nake tashi in bi masu aiki, in riƙe musu ƙusoshi suna kafe tabarmar da ake jifa a kai.

Sau ɗaya na riƙe bat, sandar bugun ƙwallon. Ina shekara takwas, na Yaya ne, ya bari a jingine. Baba ya zare shi daga hannuna ba faɗa ba komai, ya sa mini fensir a madadinsa, ya ce, "Wannan ne naki."

A lissafi, da fensiran nan biyu, matsakaicin abin da mutum zai ci maki ashirin da shida ne. Yau na lissafa, na duba sau biyu. Abin da digirin ƙididdigata ya fara amfana mini ke nan.

Awa huɗu na yi a teburin kicin. Yaya ya ci talatin da ɗaya. Ba ni na ce ba, fensir ne.

Litinin, 29 ga Yuni, ƙarfe 3:45 na yamma

Na kai littafin, na haɗa da takardar shaidar digirina da ta iso ran Asabar, a cikin kwalinta mai shuɗin bango. Na miƙa masa duka biyun. Ya ɗora littafin a kan kwalin don ya samu abin dafawa, ya buɗe.

Ya bi da yatsa, ƙwallo bayan ƙwallo. Ya tara makin masu bugu, ya tara abin da masu jifa suka bayar, ya ga sun zo daidai. Shi ya koya mini: in ɓangarorin biyu ba su haɗu ba, akwai ƙarya a wani wuri. Ya ce, "Talatin da ɗaya! Huɗu-huɗu har sau uku. Ta ina ya buga na biyun?" Na ce ta hannun dama, ƙasa-ƙasa. Ya yi dariya har nas ta leƙo. Injin da ke kansa ya nuna bugun zuciya 88.

Da zan tafi ya miƙo mini littafin. Kwalin ya zame ya faɗa tsakanin gado da bango. Ni na durƙusa na ciro.

Alhamis, 2 ga Yuli, ƙarfe 7:15 na yamma

Umma ta je can, inda ake tsare da Yaya. Bas biyu da jirgin ƙasa ɗaya, sannan wata bas da ke haye gada. Sun sa ta cire fil ɗin mayafinta. Ta dawo ta yi alwala ta kwanta ba ta ci komai ba.

Lahadi, 5 ga Yuli, ƙarfe 4:20 na yamma

Fensir ya ba Yaya hamsin da takwas.

Na zauna ina kallon lambar. A duk shekarun da na rubuta masa, mafi yawan abin da ya taɓa ci arba'in da huɗu ne, ranar 13 ga Agusta 1989. Baba ya san haka. Don haka hamsin da takwas zai jawo tambayoyi, kuma farin ciki mai yawa shi ma tayar da hankali ne. Dalilina ke nan. Dalili ne mai kyau.

Na goge, na sake mirginawa. Ashirin da biyu. Na sake. Na sake. A karo na biyar ya fita da huɗu. Na rubuta.

Litinin, 6 ga Yuli, ƙarfe 4:00 na yamma

Baba ya ce, "Huɗu?" Na ce eh, ya kai wa ƙwallon da ya kamata ya ƙyale. Ya ce, "Halinsa ke nan, gaggawa." Bai ci abincin rana ba. Bugun zuciya 96.

Na gaya masa wani kamfanin inshora a Manhattan ya kira ni ganawa ran Laraba. Ya ce, "Ki ce masa ya riƙa tsayawa a bayan ƙwallo."

Laraba, 8 ga Yuli, ƙarfe 6:05 na yamma

Ganawar ta yi minti talatin da biyar. Na amsa tambaya goma sha ɗaya, ina shakkar ta bakwai.

A matakala na haɗu da Anti Safiatu ta hawa na uku, mutumiyar Kumasi, tana jan keken wanki. Ta ce, "Ah, 'yar boko! An sha kwat kamar lauya. Da lauyan ka karanta ai da yanzu ka yi wa gidanku amfani." Na ce ina wuni. Ta ce, "Jiya na kai wa Malam koko a asibiti, ya sha duka. Mutum ya rame! Wai mura, ko? Hm. Mura na Amurka ya fi na gida ƙarfi." Ta yi dariya, ta sa na ɗaga mata keken har hawa na uku.

Na tambaye ta me ta ce masa. Ta ce, "Ni? Me zan ce? Addu'a kawai na yi."

Lahadi, 12 ga Yuli, ƙarfe 1:30 na rana

Sifili. Ƙwallon farko. Ban mirgina masa ba. Sauran mutum ashirin da ɗaya duk na mirgina musu tsakani da Allah.

Talata, 14 ga Yuli, ƙarfe 5:50 na yamma

Yaya ya kira, irin kiran da sai an tambaye ka ko ka yarda. Umma tana asibiti, ni na ɗauka. Akwai hayaniya a bayansa, kamar ana buga ƙarfe.

Ya ce, "Malama Habsi, skora ta duniya! Umma ta ce wai ina ta buga wasa. Nawa na ci?"

Na karanta masa: talatin da ɗaya, huɗu, sifili.

Ya fashe da dariya. "Sifili? Ke muguwa ce wallahi. Ko a mafarki ba za ki bar ni in ci ba? Ki sa na ɗaga shida ta haye bishiyar nan ta bakin Broadway mana. Tsohon zai ji daɗi."

Na ce ba ka taɓa haye bishiyar ba.

"To ai shi ya sa."

Sai ya ce, ƙasa-ƙasa, "Yana tambayata?" Na ce makinka yake tambaya. Ya ce, "Habsi, ba na barci a nan." Na ce lokaci ya kusa ƙarewa, saura daƙiƙa ashirin. Gaskiya ne, ina kallon agogo.

Laraba, 15 ga Yuli, ƙarfe 8:20 na safe

Na tashi da wani abu a raina, bari in rubuta shi ya fita.

Zariya, 1980, ina shekara goma. Yaya yana aji biyu, aka sa shi a wasan manya karo na farko. Ina ƙarƙashin bishiyar mangwaro da littafi a cinya. A lokacin babu wanda nake so a duniya kamar shi. Ni nake shafa wa bat ɗinsa mai, ni nake wanke masa farin wando. Ya fita da goma sha tara. Na ƙara masa ɗaya ya zama ashirin, na ɗauko daga na abokin bugunsa.

Baba ya gano kafin a naɗe tabarma. Ya tara 'yan wasa duka, maza ashirin da biyu, ya tsayar da ni a tsakiya, ya ce in karanta layin da ƙarfi, sannan in faɗi abin da na yi. Na faɗa. Ya ce in faɗa da Turanci don baƙi su ji. Na faɗa. Ya ce, "Littafi ba shi da ɗan'uwa." Fitsari ya zubo mini har cikin takalmi. Yaya yana cikin masu dariyar, na uku daga hagu.

Tun daga ranar ban sake yin kuskure ba. Wasa ɗari da goma sha bakwai. Na duba sau biyu.

Litinin, 20 ga Yuli, ƙarfe 4:30 na yamma

Bakwai na ba shi jiya. Na kuma rubuta a gefe cewa ƙwallo ya suɓuce masa sau biyu. Ba a wajabta rubuta wannan a littafi ba, amma ba a hana ba.

Baba ya karanta gefen. Ya rufe ido. Mutumin da ke gadon kusa, wani tsoho ɗan Puerto Rico, ya tambaye ni ko labarin mutuwa na kawo. Bugun zuciya 104. Nas ta ce in taƙaita ziyara.

A lif Umma ta riƙe mini hannu, farcenta ya shiga. "Me kike karanta masa? Kullum kin fito sai ya ƙi abinci." Na ce abin da ke littafi. Ta ce, "Wane littafi? Ba ke kike rubutawa a kicin ɗina ba? Ki rubuta ya ci mana! Ke wace irin zuciya gare ki?" Na ce in ya ci da yawa Baba zai gane. Ta sake ni. Ba ta san wasan ba. Na san ba ta sani ba.

Laraba, 22 ga Yuli, ƙarfe 11:10 na safe

Sun ɗauke ni aikin. Zan fara 17 ga Agusta. Ban gaya wa kowa ba.

Lahadi, 26 ga Yuli, ƙarfe 6:40 na yamma

Na hau jirgin ƙasa mai lamba ɗaya har ƙarshen layi, na tsaya daga nesa a bayan shinge. Suna nan da fararen kayansu. Kwabena, wanda ya saba buɗe wasa tare da Yaya, yana buɗewa da wani da ban sani ba. Sabuwar mai rubutu da biro take rubutawa, tana cin gyaɗa. Alƙali ya ɗaga mata hannu sau biyu, alamar maki, ba ta amsa masa ba. Hannuna ya ɗaga da kansa.

Na dawo na rubuta cewa kyaftin ya mayar da Yaya na tara a layin masu bugu. Maki biyu.

Alhamis, 30 ga Yuli, ƙarfe 5:25 na yamma

An sa ranar tiyata: Talata, 4 ga Agusta.

Umma ta je can, ni kaɗai ce a wajen Baba. Ina ɓare masa lemo ya ce, "Ke." Na ce na'am. Yana kallon taga, ba ni ba.

"Akwai fanka a inda yake?"

Na ce a gida? Ya ce, "Na tambaye ki, akwai fanka?" Na ce ban sani ba. Ban taɓa zuwa ba.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Uwarku tana ƙoƙari. Kada ki gaya mata." Na so in tambaya tun yaushe, kuma wa ya faɗa. Ban tambaya ba. Bugun zuciya 91, bai motsa ba.

Sai ya ce, "Littafinki babu kuskure ko ɗaya. Babu gogewa ta gaggawa, babu ɗigon ruwa." Na jira. Na ɗauka akwai sauran maganar, kuma tawa ce. Ya juyo ya kalle ni, karo na farko a cikin makonnin nan da na tabbata ni yake kallo.

"Ran Lahadi ki ba shi hamsin. Bai taɓa yi ba. Ina so in ji kafin Talata."

Na ce to.

Juma'a, 31 ga Yuli, ƙarfe 9:00 na safe

Na ce to. Na rubuta a nan don kada in ce ban ce ba.

Lahadi, 2 ga Agusta, ƙarfe 5:55 na yamma

Awa shida. Ban taɓa rubuta wasa mai kyau irin wannan ba. Launi daban ga kowane mai jifa.

Litinin, 3 ga Agusta, ƙarfe 6:15 na yamma

Ya ce in karanta masa da baki, idonsa ba ya gani sosai yau. Umma tana kan kujera da carbi. Na karanta kamar masu rediyo. An mayar da Yaya buɗe wasa, shi da Kwabena. Ya ƙyale ƙwallo biyar na farko. Baba ya ce, "Yauwa." Ɗaya, ɗaya, huɗu. Ya tsaya a bayan ƙwallo. A ashirin da uku ya ɗaga shida ta haye bishiyar bakin Broadway, Baba ya buga katifa da tafin hannu, ya ce, "Babana!" Umma ta bar jan carbi. Har tsohon gadon kusa ya juyo.

Arba'in. Arba'in da huɗu. Leɓɓan Baba suna ƙirgawa tare da ni. Arba'in da takwas. Ɗaya, arba'in da tara.

Na ce: ya tura ƙwallo kusa, ya kira Kwabena, suka ruga neman maki ɗaya. Babu sararin gudu a wurin. Aka karya masa wiket, wato sandunan da ke gabansa, saura taku ɗaya ya isa. Ya fita da arba'in da tara.

Umma ta ce, "Ya ci ke nan? Da yawa ne?"

Baba ya ce in ba shi littafin da fensir. Na ba shi. Ya nemo layin Yaya da yatsa, ya ɗora bakin fensirin kusa da lambar. Bututun ruwa yana jan hannun. Ya yi wani zane da ba lamba ba. Ya sake gwadawa. Fensirin ya faɗi a kan bargo. Ya lalubo shi, ya miƙo mini, hannun yana tsaye a iska.

Na karɓa, na sa a jaka. Na ce lokacin ziyara ya ƙare. Saura minti goma sha biyu ne.

Talata, 4 ga Agusta, ƙarfe 2:00 na rana

An shiga da shi 7:40. Likita ya fito 11:15, ya cire hula, ya tambaya ko akwai namiji a gidan da zai yi magana da shi. Na ce babu, ni ce.

Alhamis, 6 ga Agusta, ƙarfe 4:45 na yamma

Ba su bar Yaya ya zo jana'izar Baba ba. Mista Abdulai da Kwabena sun ɗauki makara.

Talata, 11 ga Agusta, ƙarfe 3:30 na yamma

Sadakar bakwai. Falo cike da mata, Anti Safiatu tana rabon waina. Yaya ya kira, Umma ta karɓa. Na ji tana ce masa, "Ya tafi da farin cikinka. Habsatu ta karanta masa ka ci da yawa, har ya buga katifa." Ta miƙo mini wayar, na ce hannuna da mai.

Na shiga ɗaki na buɗe littafin. Ƙara maki ɗaya ba wuri ɗaya ba ne, wuri biyar ne: layin ƙwallayensa, jimillarsa, layin mai jifa, teburin ƙirga, da jimillar kulob. Na gyara wuri huɗu. Na biyar ɗin shi ne jimillarsa, inda zanen Baba yake. Dole sai an goge zanen kafin lambar ta samu wuri.

Na goge a hankali. Ya danna fensirin da ƙarfi, zanen ya ƙi fita. Na ƙara gogewa. Takardar ta huje.

Yanzu babu arba'in da tara, babu hamsin. Ana hango shafi na gaba ta ramin, fari. Na tara ɓangarorin biyu, ba su haɗu ba. Na duba sau biyu.